Mai Injin Niƙa da Ya Sayi Rabin Lissafi

Akwai wani mutum da yake da injin niƙa a bakin kasuwar garinsu. Tun da safe mata sukan jera kwanonin masara da dawa a ƙofar rumfarsa, shi kuwa yana zuba kuɗin niƙa a aljihun rigarsa. Daga wannan aljihu yake sayen man dizal, daga nan yake biyan hayar rumfa, daga nan kuma yake ba da cefane. Ba shi da gona, ba shi da wata sana'a. Da injin nan yake ci da iyalinsa.

Wata rana matarsa ta ce masa, "Baban yara, kullum kana cikin ƙurar gari, amma ba ka san ko gaba kake yi ko baya ba. Akwai akawun da yake riƙe wa masu shaguna lissafi. Ka kira shi mana."

Sai ya kira shi. Akawun ya buɗe littafi, ya nuna masa shafi biyu, ɗaya na abin da ya shigo, ɗaya na abin da ya fita. Sa'an nan ya faɗi ladan da zai riƙa karɓa kowane wata.

Mai injin ya riƙe baki. "Haba Malam! Rijiya za ka haƙa mini? Biro ne fa da takarda."

"Maigida, haka kowa yake biya."

Mai injin kuwa mutum ne da ya iya ciniki, ko albasa bai taɓa saye a farashin farko ba. Ya tsura wa shafukan nan ido, sai dabara ta zo masa.

Ya ce, "Shafi biyu ne, ko? To, rubuta mini ɗaya, in biya ka rabi. Ka rubuta abin da ya shigo. Abin da ya fita ai ya riga ya fita, me zan yi da labarinsa?"

Akawun ya ce, "Maigida, shafi ɗaya ba zai gaya maka halin da kake ciki ba." Amma da ya ga ba za a saurare shi ba, ya karɓi aikin a haka.

Kowace ranar kasuwa akawun yakan biyo, mai injin ya faɗa masa cinikin makon, ya rubuta. A ƙarshen wata ya tara, ya karanta masa jimla. Jimlar kuwa kullum mai daɗin ji ce. Mai injin ya ga ashe shi mai arziki ne bai sani ba. Ya canja kwanon rufin ɗakinsa, ya sayi babur.

Ana nan, injin ya fara shan mai fiye da dā. Jarkar man da takan daɗe ta koma ƙarewa da wuri. Yau bel ya tsinke, jibi wani ƙarfe ya kwance. Kowane lokaci mai injin yakan sa hannu a aljihu ya biya, ya manta, gama kaɗan-kaɗan ne. Ba inda aka tara kuɗaɗen nan wuri ɗaya, balle ya ga yadda suke hawa.

Da kaka ta yi, lokacin da kwanoni suka fi yawa a ƙofar rumfa, injin ya fitar da baƙin hayaƙi ya tsaya. Makaniki ya kwance shi, ya girgiza kai. Ya ce, "Injin nan ya daɗe yana ciwo. Da ka kira ni tun da ya ƙara shan mai, da gyaran ba wani abu ba ne. Yanzu sai an canja kusan duk cikinsa."

Mai injin ya sayar da babur, kuɗin bai kai ba. Ya tafi wurin akawun a fusace. "Malam, littafinka ya ce ina da kuɗi. To, ina suke?"

Akawun ya juyo masa da littafin, ya ɗora yatsa a kan shafin da yake fari fat. "Nan ya kamata mu duba, maigida. Kai ka ce a bar shi."

Aka sayar da injin a kuɗin tsohon ƙarfe. Daga nan matarsa ta koma ɗaukar masararta zuwa rumfar wani, ta bi layi, ta biya kamar kowa.

To, ga ma'anar misalin nan. Injin shi ne rayuwar da Allah ya danƙa wa kowannenmu. Akawun shi ne Maganar Allah, da duk wanda Ubangiji ya aiko ya faɗa mana gaskiya. Shafi na fari shi ne abin da muke jin daɗin a tuna mana: zuwanmu sujada, baikonmu, waƙarmu a ƙungiyar mawaƙa. Ɗaya shafin kuwa shi ne fushin da muka kwana da shi, da 'yar ƙaryar da muka yi a kasuwa, da ɗan'uwan da muka ƙi yafe wa, da addu'ar da muka daina ba mu lura ba. Kuɗin da ake biya don jin wannan shafi shi ne kunya da tuba, shi ya sa muke neman ragi.

Ku lura, ba a rubuta ƙarya ko ɗaya a littafin mutumin nan ba. Duk abin da yake ciki gaskiya ne, amma ya rasa injinsa. Saboda haka, a makon nan kowa ya zauna a gaban Ubangiji, ya roƙa a karanta masa shafin nan biyu duka, tun injin yana juyawa.