Yadda "gama" ta raba Magini gida biyu

Yara, kun dame ni da tambayar dalilin da ya sa Maginin Kano ba ya jin umarnin da aka rubuta wa Maginin Sakkwato, alhali sunansu ɗaya. To, ku matso ku ji.

Da can Magini ɗaya ne tak. Wasu ƙawaye biyu ne suka ƙirƙire shi a kwamfuta, Uwani Bakanuwa da Kulu Basakkwaciya. Ita manhaja, irin wadda ke cikin wayar iyayenku, guntu-guntu ake rubuta ta, kamar yankan tela kafin ɗinki. Aikin Magini shi ne ya karanta umarni, ya harhaɗa guntayen su zama abu guda. Abin alfaharinsu kuwa, da Hausa yake karɓar umarnin.

Sai suka raba aiki. Uwani ta koya masa kalmomi, Kulu ta rubuta umarnin da za a gwada shi da shi. Uwani akwai ƙwaƙwalwa, sai dai bakinta ya fi hankalinta sauri. Ta koya masa cewa duk inda ya ga "gama", aiki ya ƙare, ya tsaya. Ita kuwa Kulu, a garinsu in an ce a gama abu da abu, haɗawa ake nufi. Ba wadda ta tambayi 'yar'uwarta, don kowacce na ganin Hausa ai Hausa ce.

Ranar da za su nuna wa jama'a, ɗaki ya cika maƙil. Magini ya karanta layin farko, "gama guntayen", ya tsaya cak, bai haɗa komai ba.

"Uwani, mi kinka yi mishi?" in ji Kulu ƙasa-ƙasa.

Uwani ta leƙa, ta kwashe da dariya. "Jama'a, Magini ba shi da laifi. Hausa yake ji, ba Sakkwatanci ba!"

Ɗaki ya ɗauki shewa. Kulu kuwa ta kwafi nata Maginin, ta koma gida Sakkwato, ta koya masa "gama" yadda ta ji ta a bakin mahaifiyarta.

Uwani ta ce fushi ne, zai wuce. Abin yana cin ta a rai, amma girman kai ya hana ta ko kiran waya. Shekaru suka yi ta tafiya. Mutane suka karɓi Magini, wasu na Uwani, wasu na Kulu, kowa ya ɗora aikinsa a kai.

Sai da furfura ta fito wa Uwani sannan ta hau mota zuwa Sakkwato.

"Kulu, bakina ne ya ja mana. Ki yafe mini, mu mai da shi ɗaya."

"Na yahe miki tun tuni, ƙawa," in ji Kulu. "Amma na wa za mu canza? In na taɓa kalmar, aikin mutanena shi rushe. In kin taɓa taki, na mutanenki shi rushe."

Uwani ta juya maganar ta ko'ina, ba ta ga mafita ba. Sai ta fashe da kuka, don ta san a ranar farko haƙuri ɗaya da gyaran kalma ɗaya sun isa.

Shi ya sa har gobe, duk wanda ya ɗauko umarnin wannan Magini ya kai wa wancan, sai ya zauna ya sake rubutawa, yana tsaki, bai san dariyar Uwani ce ta ja masa ba.