Bishiyar Cibiyar Juba

Akwai wata mata a gonar raken da ke bayan garinmu nan Jamaika, zamanin bauta, sunanta Mimba. Ita ke wankin gidan Misis Lavinia. Kakata ce ta ba ni labarin, kuma har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Kun dai san al'adarmu, in an haifi yaro a binne cibiyarsa a dasa bishiya a kai. Ana cewa lafiyar bishiyar ita ce lafiyar yaron. To ranar da Mimba ta haifi 'yarta Juba, kwakwa ta dasa a gefen wurin wanki, ƙasa da barandar gidan.

Juba na da shekara tara aka yi bikin Klara, 'yar Misis. Aka loda akwatuna a keken doki, aka loda Juba cikin kayan amarya, sai can ɗaya ƙarshen tsibirin. Ba wanda ya tambayi Mimba.

Kowane wata wasiƙar Klara na zuwa. Duk zuwanta Mimba za ta tsaya bakin ƙofa, hannu duk kumfa.

"Misis, ta ambaci Juba?"

"Wa zai ɓata tawada a kan baiwa? Koma bakin wankinki."

Sai ta koma ta zuba wa kwakwar ruwa. Kwashiba mai girki ta dinga tsokanarta: "Yaya, yau me kwakwar taki mai surutu ta ce?"

"Ta ce Juba ta yi ƙiba. Ba ki ga sabon ganye ba? Ke dai ji da tuyarki, tana ƙonewa."

Ana nan sai wasiƙa ta ɗauke. Wata ɗaya, biyu, har huɗu. Misis ta koma wuni a baranda tana kallon hanya, shayinta na hucewa. Ran nan ta ce ganyen kwakwar nan ne ke tare mata kwanar da ɗan aike ke ɓullowa. A sare.

Mimba ta durƙusa a gabanta. "Misis, ke kina da takarda. Ni wannan kaɗai ke gaya min 'yata na raye."

"Camfin banza. Itace ne kawai."

Aka sare. Hanya ta buɗe tar har ƙasan tudu, amma ba mai zuwa. Mimba ba ta yi kuka gaban kowa ba. Waƙar da take yi wajen wanki ce dai aka daina ji.

Ranar Lahadi bayi ke kai doya da ayabar 'yan gonakinsu kasuwa, kuma a nan labari ke tafiya daga baki zuwa baki, ya ƙetare tsibirin ba tare da tawada ba. Bayan wasu watanni, wata mai kifi ta dafa Mimba a kasuwar ta ce, "Ke ce uwar Juba? Wata bakwai saƙonki na yawo. Juba ta ce tana lafiya, har ta iya ɗinki. Ta ce uwargijiyarta ta haihu, namiji, amma mijin ya hana ta rubutu gida."

A hanyar dawowa Kwashiba ta ce, "Kar ki gaya mata. Bar ta ta ci hanya da ido, ta ji yadda ake ji."

Suka iso gida. Mimba ta ajiye kwando, ta hau baranda.

"Misis, Klara na raye. Kin yi jika."

Misis ta riƙe hannunta, karon farko a shekara ashirin. Da ta gama jin komai sai ta ce, "Faɗi abin da kike so."

"Juba."

Amma wannan ya fi ƙarfin Misis. A rubuce ta ba da yarinyar, yanzu dukiyar surukinta ce, mutumin da ko takarda ba ya bari ta fita. Hannun da ta sa ta raba wata da 'yarta, shi ya rufe mata ƙofa.

Daga nan duk Lahadi da yamma Misis ce ke tsayuwa bakin wurin wanki.

"Mimba, an ambaci Klara?"

In akwai labari ta faɗa mata. In babu ta ce babu.

Shekara goma sha ɗaya aka yi a haka. Da aka 'yanta bayi, Juba ta yi kwana shida tana tafiya a ƙafa. Ta tarar da uwarta ta fara furfura, tana shanya. Misis kuwa ta rasu shekara biyu kafin nan, ba ta sake ganin Klara ba, jikan ma sunansa kawai ta sani.

Darasi: Kewar ɗa ba ta san baiwa ba, ba ta san uwargijiya ba. Kada ka raina abin da wani ke riƙe da shi yana rage zafi, don ba ka san ranar da za ka tsaya ƙofarsa kana tambaya ba. Ku tura wa wani ya karanta. Amma tsakani da Allah, da kai ne ka dawo daga kasuwar nan, za ka hau barandar?