Alƙawarin da Gethin Ya Yi a Bainar Jama'a

Akwai wani direban bas a garin Swansea na ƙasar Birtaniya mai suna Gethin, mutum mai fara'a, sai dai bakinsa yakan riga tunaninsa fita. Shi da matarsa Nerys, ma'aikaciyar jinya, sun daɗe suna haya a wani ɗan gida mai sanyi da danshi.

Wata Asabar da safe dillaliyar gidaje ta bugo waya. Tsohuwar da ke sayar da gidan da suke so, Misis Prydderch, ta amince da tayinsu.

Gethin ya buga ihun da sai da maƙwabta suka leƙo. Ya sunkuci Nerys yana juyi da ita a tsakar ɗaki.

"Sauke ni, mahaukaci, za ka karya ni!" Tana faɗa tana dariya har da hawaye.

Gidan yana da lambu a baya, kuma daga tagar bene ana hango teku. Sharaɗi ɗaya tsohuwar ta kafa: a gama komai kafin Kirsimeti, don za ta koma wurin 'yarta.

Da yamma Gethin ya tafi kallon wasan zari-ruga, ya baza labari. Can ya hango Alun, abokinsa tun suna firamare, wanda yanzu lauya ne mai ɗan ƙaramin ofis.

"Jama'a ku shaida!" in ji Gethin, ya ɗaga hannun Alun sama. "Ba wanda zai taɓa takardun gidana sai wannan mutumin!"

Aka yi tafi da shewa. Alun ya ce, "Na ji, mutumina. Amma turo min sunan bankin da zai ba ku rancen sayen gidan, in duba tukuna."

Da Gethin ya dawo gida ya ba Nerys labari, sai ta ce:

"Ka tambayi banki ko suna aiki da shi? Ba kowane lauya suke karɓa ba fa."

"Haba ke kuwa! Lauya ai lauya ne. Kuɗina ko nasu?"

"Nasu, maigida. Shi ya sa ake ce masa rance."

Ranar Litinin ya buga wa bankin waya, yana jin kansa. Ma'aikaciyar ta duba, ta ce ofishin Alun ba ya cikin lauyoyin da suka amince da su. In ya dage sai shi, to bankin zai ɗauki nasa lauyan daban, Gethin ya biya biyu, aikin kuma zai ja lokaci.

Gethin ya yi ta zazzaga mata faɗa, wai shi zai koya musu aiki. Da ya ajiye waya, sai ya tuna da alƙawarinsa. Da wane ido zai dubi Alun? Da wane baki zai janye maganar da ya yi gaban mutane?

Sai ya ɓoye maganar. Alun ya turo saƙo, bai amsa ba. Nerys ta tambaya, ya ce komai na tafiya daidai. Ita kuwa sai zaɓen labule take, tana ta nuna masa launin fentin ɗakin girki.

Ana nan, dillaliyar ta kira Nerys a wurin aiki. Ta ce lauyan tsohuwar bai ji daga kowa ba, kuma ga wani mai saye ya fito da kuɗinsa a hannu. In mako ya ƙare shiru, gida ya tafi.

Nerys ta sami Gethin a gida yana shan shayi. Ba ta ɗaga murya ba, wannan ne ma ya fi tsorata shi.

"Gethin, gidanmu za ka ba da don kar a yi maka dariya a filin wasa?"

Ya sunkuyar da kai. "Kunyar Alun nake ji."

"To ɗauko rigarka. Tare za mu je mu ji kunyar."

A ofishin Alun, Gethin ya yi ta kame-kame, yana murza hularsa, kafin ya iya fito da maganar. Alun ya dube shi, sai ya tuntsire da dariya har da buga tebur.

"Wannan ne ya sa kake guduna? Kai wawa ne! Ai don haka na ce ka turo sunan bankin. Ka ɗauka zan so in ci kuɗinka ka rasa gida?"

Nan take ya ɗaga waya ya kira wata lauya, Siân Vaughan, wadda bankin ya amince da ita, kuma sayen gida ne aikinta kullum. Ya roƙe ta ta gan su a ranar.

Siân ba ta wasa. Ta kira lauyan tsohuwar, ta nemi a binciki takardun filin gidan, ta riƙa sanar da su duk inda aka kwana. Gethin da kansa ya je ya ba Misis Prydderch haƙuri. Tsohuwar ta sa shi ya zauna, ta cika shi da biskit, ta ce ta fi son gidanta ya koma hannun masu ɗokinsa.

Saura 'yan kwanaki Kirsimeti, Siân ta bugo: "An gama. Ku je ku karɓi makullanku."

Don ɗoki, sai da Gethin ya gwada makullin sau da yawa kafin ƙofa ta buɗe. Ya ruga sama, ya sauko, ya faɗa lambu, yana ta ihu: "Namu ne! Nerys, wallahi namu ne!"

A bakin ƙofa kuwa ga Alun, ya ɗauko gefen doguwar kujera yana haki.

"Malam mai gida," ya ce, "in ka gama rawar, zo ka kama ɗaya gefen. Wannan aikin dai banki bai hana ni ba!"

Darasi: Kafin ka ɗauki lauyan sayen gida, fara tambayar bankin da zai ba ka rance ko ya amince da shi. Kuma in ka yi kuskure, faɗi da wuri, domin abokin ƙwarai ya fi son ci gabanka a kan alƙawarin da ka yi cikin zumuɗi. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai mai shirin sayen gida a cikinsu.