Hawainiya da Ƙwan Kurciya

Ga ta nan, ga ta nanku, yara.

Ta zo mu ji ta, Iya.

A da can, babu mai gaggawar Hawainiya. Kafin ta san abu ya faɗo mata a rai, hannu ya riga ya aikata. Ta mari surukarta, ta fasa tulun maƙwabta, kullum sai da-na-sani. Kowa ya guje ta, sai Kurciya kaɗai.

Ran nan Kurciya za ta kalan gero, ta ce, "Ƙawata, ga ƙwaina nan, amana."

Hankalin Hawainiya ya tashi, don ta san halinta. Ta ruga wurin Kunkuru ta ce, "Baba, tsoron kaina nake ji."

Kunkuru ya ce, "In baƙo ya yi sallama, tabarma kike fara shimfiɗa masa?"

"A'a, sai na ji ko wane ne."

"To zuciya ma zaure ce. Ki riƙa tambaya."

Ta koma ta zauna bakin sheƙa. Can wata murya ta ce a ranta, "Sha ɗaya mana, wa zai sani?"

"Wane ne?"

"Ke ce."

"Ƙarya kake, Kwaɗayi. Ba tabarma." Ya gaji da tsayuwa, ya wuce.

Sai shaho ya gilma. Wata murya ta ce, "Bar ƙwan, ki tsere."

"Wane ne?"

"Ke ce."

"Tsoro, na gane ka. Na gode da labari, amma ba kai za ka ja ni ba." Ta jawo ganye ta rufe sheƙar, ta lafe.

Da la'asar murya ta uku ta zo, a hankali: "Baiwar Allah, Kurciya tana can tana ƙoshi, ta mai da ke 'yar gadi. Ture sheƙar." Wannan kam ta iya zance, har Hawainiya ta ɗaga ƙafa. Sai ta tsaya cak, ƙafa a sama.

"Wane ne?"

Sai ta gane muryar.

"Zargi, kai ne? Ko sallama babu." Ta sauke ƙafarta.

Sai ga Kurciya da ƙwarya cike da fara. "Yi haƙuri, ƙawata, kamo miki waɗannan ne ya tsai da ni." Hawainiya ta dubi ƙwan, ta dubi farar, daɗi da kunya suka sa ta hawaye.

Shi ya sa har yau in Hawainiya ta ɗaga ƙafa sai ta dakata, tambaya take yi. Ba duk wanda ya yi magana a ranka ne kai ba.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu.