Kauci a Reshen Ɗorawa

Akwai wata mace mai yin daddawa, tana da itacen ɗorawa guda ɗaya a gonar da ta gada wurin mahaifiyarta. Itacen ya rabu manyan rassa biyu, ɗaya gabas, ɗaya yamma. Da kalwarsa ta ciyar da 'ya'yanta har suka girma suka watse. A reshen yamma ne ta ɗaura wa 'yar autarta lilo. Autar ta yi aure can nesa, ta haifi 'ya mace, amma matar ba ta taɓa ganin jikar ba, sai labari. Igiyar lilon kuwa ta ƙi kwance ta. Duk ranar da ta je gona sai ta shafa ta, ta ce, "Yi haƙuri, mai hawanki tana tafe."

Wata safiya ta ɗaga kai, sai ta hangi ganye uku waɗanda ba na ɗorawa ba, dab da igiyar. Kauci ne, tsiron nan da tsuntsu ke kawowa, ya manne wa itace yana shanye ruwansa har ya busar da shi. Ta waiga hagu da dama, ta sa gora ta tsinko ganyen, ta ƙunshe a bakin zani kamar ita ce ta yi laifi. Bayan mako biyu ya sake fitowa, ya fi na da, gama saiwarsa tana cikin reshen.

Ta faɗa wa tsohuwar maƙwabciyarta. Tsohuwa ta dafe ƙirji. "Ke, rufe mini baki! Wa zai sayi daddawar itace mai ciwo? Ki jiƙa toka ki watsa. Haka kakata ta yi."

"Nata ya warke, Iya?"

"Ya mutu. Amma shi baki ne ya kama shi."

Ranar kasuwa ta je wurin mai magani. Ya ce, "Mama, Allah ne ya kawo ki! Kwalbar nan ɗaya tana kashe kauci, gara, ɓera, har basir. In bai yi ba, ki dawo." Ta dawo. A inda ya shimfiɗa tabarmarsa, akuya ta tarar tana tuƙa.

Ƙanen mijinta kuma, mutum mai addu'a da murya har kajin maƙwabta su watse, da ya ji ana zancen sare reshen, ya tsaya a gindin itacen ya ce, "Gatari? Gatari na marasa bangaskiya ne! Kauci, fita!" Matar ta ce amin da dukan zuciyarta. Tsuntsaye suka tashi, kauci yana nan.

Damina ta wuce, kaka ta wuce. Sai da ganyen reshen ya fara yin rawaya ta kira malamin gona. Ya hau, ya ɓare ɓawon, ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya sauko.

Ya ce, "Mama, da tun yana ganye uku kika kira ni, da ɗan tsinke kawai zan cire. Yanzu hanya biyu ce. Ko in fafe wurin in ƙona shi, reshen ya zauna, amma wataƙila saiwa ta saura a ciki. Ko kuwa in sare reshen duka."

"In ka sare, zai sake toho?"

"Ba kamar da ba."

"To, yi mini alkawari ba zai dawo ba."

"Wannan alkawari sai Allah. Ni abin da na gani nake faɗa: wanda aka bari, gangar jikin yake bi."

"Da na mahaifiyarka ne fa, ɗana?"

"A yadda ya kai ɗin nan, da na sare. Amma itacenki ne. Yi shawara kwana bakwai, ba shekara ba."

Kwana bakwai tana zuwa ta zauna a inuwar reshen, tana kallon igiyar. Ta aika wa autarta da saƙo. Amsa ta dawo gajeriya: "Inna, gara in tarar da itace mai reshe ɗaya da in tarar da kututture."

Da hannunta ta kwance igiyar, ta naɗe ta. Aka sare.

Shekarar nan itacen ya zubar da ganye har ya tsaya tsirara. Tsohuwa ta leƙo ta ce, "Ban faɗa ba?" Matar kuwa in ta zo wucewa ta wajen yamma sai ta sunkuyar da kai kamar yadda ta saba, sa'an nan ta tuna babu abin da zai buge ta. Sai ta tsaya a rana ta yi kuka.

Da shekara ta zagayo, reshen gabas ya cika da jan fure. A lokacin ne autar ta zo, riƙe da hannun yarinya. Yarinyar ta ce, "Kaka, ina lilon da aka ce kin ajiye mini?" Matar ta ɗauko igiyar, ta ɗaura a reshen gabas. Yarinya tana ta lilo tana dariya, ba ta ma san an taɓa yin reshe biyu ba. Matar tana tura ta, idonta na wajen yamma, inda babu kome sai sararin sama.

Ga ma'anar misalin nan, iyayena mata da yayyena. Itacen jikinki ne, Ubangiji ne ya dasa shi. Kaucin kuwa ƙullutun nan ne da kika taɓa a nononki wurin wanka, kika ja zani kika yi shiru. Ba kowane ƙullutu ne ciwon daji ba, amma ba ke za ki yanke wannan hukunci ba, ba Iya ba, ba mai kwalba ba. Ba zunubinki ne ya kawo shi ba, don haka ba abin ɓoyo ba ne.

Malamin gona shi ne likita. Je ki tun ganyen yana uku. In ya jera miki hanyoyi, ko cire ƙullutun kaɗai, ko cire nonon duka, ko maganin nan mai zubar da gashi, tambaye shi har ya gaji. Tafi da 'yar'uwa mai riƙe magana, gama kunnen mai tsoro rariya ne. Ku yi addu'a a gida, ku yi a mota, ku yi a bakin ɗakin tiyata. Wanda ya ba mu addu'a, shi ne ya ba likita hannu.

Ba zan ce muku babu kewa ba. Mama Afiniki, mai kaɗa mana tulu lokacin waƙa a zumuntar mata ta coci, ta ba ni izini in faɗa: shekara huɗu ke nan da aka cire mata na hagu. Na tambaye ta ko ta saba. Ta harare ni ta ce, "Ke 'yar nema, wa ke sabawa? A nan na shayar da su biyar. Har yau in zan ɗaura zani, hannuna yakan je wurin ya dawo." Sa'an nan ta juya mini baya, ta nuna jikanta jariri da ke barci a goye. "Amma dubi. Da na bi shawarar toka, wa zai goya wannan?"