Shingen Nomau da Ƙwan Gauraka

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari na bakin fadama, tun kakanninmu suna yara. Sunansa Nomau. Ba shi da komai sai 'yar garkar rogo da ya kewaye da ƙaya saboda awaki.

To ku saurara, 'ya'yana. A garin nan gauraki sun kusa ƙarewa. Tsuntsun nan mai tukku kamar zinariya, a ƙasa yake ƙwai, cikin ciyawar bakin ruwa, karnukan gari kuwa sun gane hanya. Biyu suka rage, mace da namiji.

Wata safiya a ƙarshen damina, an fara sakin awaki, Nomau ya ga sheƙarsu. Ga ƙwai, ga sawun kare dab da ita. Ƙaya kuwa sai can cikin daji, kafin ya saro an gama da ƙwan. Sai ya tumɓuke shingen garkarsa, ya kewaye ciyawar nan da faɗi, ya bar musu sama su riƙa sauka.

Matarsa Tabawa ta riƙe haɓa. "Malam, rogon fa? Kukan gauraka za mu ci?"

Ya ce, "Tabawa, rogo in an cinye a sake dasawa. Waɗannan in an cinye, wa zai dasa mana?"

Maƙwabcinsa Jatau, mai karnukan farauta, ya yi dariya. "Ranka ya daɗe Sarkin Gauraki! Yaushe naɗi?"

"Ranar da ka ɗaure karnukanka."

Awaki suka shiga garkar, wallahi ko ganye ba su bari ba. Bai mayar da ƙayar ba. Karnuka su tona gindin shingen sheƙar, ya toshe. Su tona, ya toshe. Hannunsa duk tsaga.

Ran nan Jatau ya biyo karnukansa fadama, sai ga 'yan tsakin gauraka suna tangaɗi bayan uwarsu a cikin shinge. Ya kwance igiyar ƙugunsa, ya ɗaure karnukan, ya ja su gida.

Nomau bai ci rogo a shekarar ba. Amma jikokinsa sun tashi da kukan gauraka a kunne.

To ku ji, jama'a: halittar da ba ta iya kare kanta amana ce a wuyan wanda ya gan ta. Ba a ce ku ba da rogonku ba. Lokacin ƙyanƙyasa ku ɗaure kare, ku ƙosar da kyanwa a gida, kada ku cinna wa ciyawar bakin ruwa wuta. Igiya ce kawai, 'ya'yana. Wa ya rasa igiya?