Manomin da Ya Koma Bukkar Gona

Akwai wani manomi mai son hira, Allah kuwa ya ba shi mata marar yawan magana. Kirkinta ba a magana. Da sassafe takan ɗumama masa tuwo, da rana ta bi shi gona da kunu. Amma duk lokacin da ya tambaye ta abin da ke zuciyarta, sai ta ce, "Lafiya lau, Maigida."

Wannan amsa ta dinga cin ransa. Ya ce a zuciyarsa, "Muna ɗaki ɗaya, amma ban san ta ba. Da tana ƙaunata, da ta buɗe mini cikinta." Ya daina gode mata. Ya daina dariya a gida. Daga baya ma ya kwashe tabarmarsa ya koma bukkar gona, wai yana tsaron dawa daga birai.

Ran nan yana dawowa ɗaukar lauje, sai ya yi kiciɓis da ita a hanya, da ƙunshin kayanta a ka. Ya tsayar da ita.

"Ina za ki?"

"Gidanmu," in ji ta. "Na ga ka gaji da ni, ba na so in zame maka kaya."

"Ni da na ɗauka ke ce ba kya so na!"

Ta sunkuyar da kai. "A gidan da na tashi ba a hira, Maigida. Ban iya ba. Abin da na iya shi nake yi maka."

Manomin ya yi ajiyar zuciya, ya sauke mata kayan, ya aza a kansa, suka juya gida.

Bayan kaka, suna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ta soma ba shi labarin mahaifiyarta da ta rasu tun tana ƙarama. Ba ta yi nisa ba, sai ta dakata. Bai matsa mata ba. Ya ce, "Na gode," suka ci gaba da aiki.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Marmarin manomin ba zunubi ba ne, gama Ubangiji ne ya sa mana ƙishin sanin juna. Kuskurensa shi ne ya rena ƙaunar da ke hannunsa saboda wadda bai samu ba tukuna. Idan akwai abin da kake bege wurin matarka, ko ke wurin mijinki, a faɗa da tawali'u, a kai shi ga Allah cikin addu'a. Amma kafin a roƙi ƙari, a fara da godiya. Yau in kun koma gida, kowa ya gode wa nasa.